Kifin Oga da Tumakin Anti Juliet

Jama'a, a gyara zama, a rage rediyo. Ga Anti Juliet Silvanus, sarauniyar kawunan tumaki ta Gesse da kewaye, mace ɗaya tilo a Birnin Kebbi da ke sayen kan rago ba don farfesu ba.

Iyayenta daga Filato suka zo, amma nan aka haife ta, katanga ɗaya ta raba gidanmu da nasu. Babanta kafinta ne, shi ya yi bencinan makarantar da na gudu na bari. Da tsufa ya kama shi sai ya fara mance sunan guduma, daga baya ya mance sunan Juliet. Yakan dube ta ya ce, "Ɗiyar wa ce wagga?" Bayan rasuwarsa ta karanci aikin ɗakin gwaje-gwaje.

Na taɓa tambayarta abin da take nema a kan tunkiya. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwa akwai wani abu, furotin, mai naɗi irin nasa kamar rawani. In ɗaya ya naɗu a karkace, sai ya koya wa na kusa da shi, su dunƙule, ƙwaƙwalwa ta lalace. Tumaki ma suna da nasu ciwon, za ka ga tunkiya tana ta goga jiki da bango tana tangaɗi. Ba shi ne na babanta ba, amma dangi ne. Na ce, "Ashe har cikin kai akwai abokan banza." Ko murmushi ba ta yi ba.

Shekara uku tana zirga-zirga zuwa Argungu da kular ƙanƙara. Ummaru mahauci shi ke ajiye mata kan duk dabbar da aka kawo tana wannan tangaɗin, kuma ba kullum ake samu ba, wani lokaci wata biyu shiru. Ta ciro ɗan yanki, ta sa a kwalba, ta jera a kwali, ta rubuta ƙauye da rana a jiki, ta ajiye a wata firiza ta wurin aikinsu mai sanyin da ya ninka na gida. Saura mako biyu a tura su babban ɗakin bincike mai na'urar aunawa.

Sai aka kawo wa Ogansu kyautar giwan ruwa daga Argungu, kifi kamar ɗan maraƙi. Firizar gidansa ta kasa. Ranar Juma'a, bayan Anti ta tashi, ya sa aka kwashe "'yan kwalayen nan" aka jera bisa tebur, aka kwantar da kifi a wurinsu. Cikin zafin Afrilu. Mutumin da ya yi digiri har waje, ni da na tsaya aji uku na san rubutun da ke jikin kwali karantawa ake yi.

Litinin ta tarar da su sun narke, suna wari. Ta same shi a ofis, ya ce, "Haba Juliet, kan tunkiya ne fa, ba na mutum ba. Kasuwa cike take da su." Da yamma ya aiko mata da yankin kifin a leda, wai a ba ta haƙuri.

Da na ji, na shiga gidansu ina huci. Tana zaune tana wanke kular.

Na ce, "Anti, wanga zalunci ne. Ki ba ni izini in tara samarin unguwa, mu ɗauko kifin mu ajiye mishi bisa kujerarshi, tunda kifin aka fi girmamawa a ofishin. Sai duk Kebbi ta ji."

Ta kife kular, ta goge hannu da zani.

"In ka gama, kira mini Ummaru. Ka ce mishi Asabar ina tafe, ya fara ajiyewa."