Hoton Da Inna Ta Ƙi Kallo

Shekara uku ke nan da rasuwar yayana Habu. Motar haya ta danfo ce ta kife da shi a hanyar dawowa Agege a Legas, a shekarar da soja suka koma bariki. Kowa na murna, mu muna zaman makoki.

Aikinsa a jami'a naɗar motsin ƙwaƙwalwa ne. Zai ɗora maka hula mai wayoyi, hotuna su riƙa gilmawa a kwamfuta, layi yana zana kansa. In hoto ya kama hankalinka, layin ya yi tsalle. Amma in ka ƙifta ido ko ka kawar da shi, wannan yankin ya lalace, sai a yanke a zubar. Rabin aikinsa wannan shara ce.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta kallon fuskarsa. "Wancan" take ce masa. Mutane na yaba kunyarta, shi kuwa abin na cinsa, na sani.

Wata rana ya lallaɓe ta ta je ɗakin aikinsa, ni na raka ta. Ta zauna tana mita: "Wannan wace irin hula ce kamar ta boka?" Ashe ya cusa hotonsa cikin hotunan. Ya ce mini, "Binta, ido na kunya, ƙwaƙwalwa ba ta yi. Yau zan ji."

Bayan kwanaki na same shi ya zabga tagumi. Duk inda hotonsa ya fito, Inna ta sunkuyar da ido. Na ce kada ya zubar da yankunan mana, wa zai sani? Ya ce layin ido ne, ba na ƙwaƙwalwa ba, ba zai yi wa kansa ƙarya ba. Da hannunsa ya zubar da su. Ya ce zai sake gwadawa bayan Sallah. Bai kai ba.

Da zai leƙo yau, me zai gani? Ɗakin aikin a kulle, wuta ba ta zama, abokan aikinsa sun tsere ƙasar waje. An ce mana farar hula za su gyara. Ni wallahi na daina sa rai.

Me ya rage? Hoton dai yana nan. Yanzu Inna kan ɗauko shi bayan la'asar, ta kai shi dab da hancinta, ta daɗe ba ta ƙifta ba. Yanar ido ta riga ta rufe ta. Jiya ta miƙo mini shi ta ce, "Binta, duba mini, Habu dariya yake yi a nan?"