Baba Ban-sani-ba zai ajiye aiki

Shekara ashirin da shida ke nan, ƙarfe bakwai da rabi yana kan kujerarsa ta bakin taga, tabarau a kan karan hanci, shayi na hucewa ya manta da shi. Aikinsa rubuta umarnin da waya ke bi ta yi magana da ɗan ƙarfen cikinta mai kamo sabis. Abokan aiki na kiransa Baba Ban-sani-ba, shi kuwa ko a jikinsa.

Sunan yana da asali. Wani lokaci ɗan ƙarfen nan kan kasa auna ƙarfin sabis, ya dawo hannu rabbana. Masu gaggawa sai su cike gurbin da sifili. To a wannan ma'auni sifili shi ne ƙololuwar ƙarfi, sai waya ta nuna sandunan sabis huɗu cif alhali ko ɗigo babu. Shugaban sashe ya ce wa zai lura, a saki kaya kawai. Ina, Baba ya kafe. Mako uku yana bin umarnin layi-layi, har ya ware wa rashin awo alamarsa, ɗan zane a kwance mai nufin ba a sani ba.

Mai sharar ofis ce kaɗai ya taɓa gaya wa dalili, a bakinta muka ji. Mahaifiyarsa, a shekararta ta ƙarshe a duniya, kan tsaya bakin ƙofa da wayarta, ta ga sanduna cike, ta kira shi, shiru. Ta ɗauka ƙin ɗagawa yake yi. Da ya je gaishe ta, ta ce, "Ɗan nan, me na yi maka?" Ya yi ta rantsuwa, ita dai murmushi kawai ta yi. Har yau bai san ko ta yarda ba, kuma har yau yana kewarta. Wayar tata tana nan cikin aljihun teburinsa.

Baba, kai ne mai gyaran da ba a gani balle a yaba. Jibi za ka tafi, tun yanzu ofis ya yi mana faɗi. Wa zai ƙara leƙowa ta kafaɗarmu ya tambaya, in awo bai zo ba fa?

Mun gode, Allah ya saka. Ku masu tasowa, abin da na'ura ba ta sani ba, ku bar ta ta ce ba ta sani ba. Yanzu haka wata uwa na bakin ƙofa, ta ga ɗan zanen nan, ta san ba ɗanta ne ya ƙi ta ba.