Ranar da Rufin Ɗakin Kakata Ya Burme

Ko da zan manta komai, ba zan manta damunar shekarar da sojoji suka miƙa wa farar hula mulki ba, don a cikinta aka rushe ɗakin kakata.

Ɗakin ƙasa ne, rufin azara, shi kaɗai ya rage a gidanmu na Yakasai, sauran duk an mayar da su bulo da kwano. Baffannina sun daɗe suna son rushe shi, ita kuwa ta kafe. Ta ce da bazara, lokacin da Kano ke gasa mutum, ɗakinta kamar randa yake, da sanyi kuma ko bargo ba ta nema. Daga ƙarshe aka yi sharaɗi: muddin bai zuba ba a bar mata, ranar da ya zuba an gama magana.

Cikin watan Agusta wani abokina na jami'a, ɗan bakin teku, ya kawo mini ziyara. Yana sauka ya tambayi inda hamada take. Na yi dariya har da hawaye. Da na kai shi gaisuwa, kakata ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Wannan ne mijin da ka kawo mini? Ai ya fi ka kyau." Nan take suka shirya, duk da Hausarsa ba ta wuce "sannu" da "na gode" ba.

Na zaga da shi kasuwar Kurmi da marinar Ƙofar Mata, sannan muka hau Dala. Daga can ya ga gari shimfiɗe ba tudu ba kwari, sai Goron Dutse a gefe. Darbejiya ta yi kore shar, kududdufai sun cika fal. Muna tsaye hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin. Na ce mu gudu. Ya ce haba, shi da ya tashi cikin ruwa? Ruwansu na can yayyafi ne mai wuni, namu kuwa lokaci guda yake juyewa.

Kafin ɗan acaɓa ya sauke mu an kece da ruwa. Muka tarar indararon ɗakin kakata ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufin. Na ɗauki fartanya na hau tsani. Ashe mutumin nan ya biyo ni don ya taimaka. To, duk ɗan birni ya san idan rufin ƙasa ya jiƙe, gefe ake bi, ta kan katanga, ba a taka tsakiya. Shi ina zai sani? Ina juyowa na gan shi yana takowa kai tsaye. Na ce, "Kai! Tsaya!" Kafin in rufe baki ƙafarsa ta burma har cinya.

Muka sauko muka tarar ruwa da laka suna kwarara kan gadonta. Abokina ya durƙusa yana ta "na gode, na gode," don ita ce kalmar da ta zo masa. Kakata ta ce, "Tashi, mijina. Taimakona ka hau yi." Wallahi ban taɓa jin tausayin mutum biyu lokaci guda kamar ranar ba.

Magini ya ce ramin zai gyaru. Babban baffana ya ce, "Hajiya, sharaɗi sharaɗi ne." Ba ta yi musu ba. Aka rushe ɗakin, bayan damuna aka gina mata na bulo, har da fanka. Bazarar da ta biyo baya a tsakar gida ta yi ta, kan tabarma da mafici a hannu, ba ta shiga ɗakin sai rana ta faɗi. Haka ta yi har Allah Ya karɓi ranta, kuma ko sau ɗaya ba ta ambaci abokina da mugun abu ba.

Tun daga nan na gane cewa abin da 'yan gari ba sa faɗa don kowa ya sani, shi baƙo ya fi bukatar ji. Yanzu idan na yi baƙo, kafin in nuna masa abin kallo, sai na fara gaya masa inda ba a takawa.