Ganyen da Ba a Miya da Shi

A gidanmu na unguwar University Heights, can ƙasar Turawa, babu murhu, sai tsohuwar hita a ƙarƙashin taga, wadda sai ta yi ta tari kafin ta ɗumama ɗaki. A gefenta Kaka take shimfiɗa darduma bayan magariba, ni da ƙanena Sani mu zauna. Ita da Hausa, Sani ya amsa da Turanci, ni kuwa ba na cewa komai. Kallo ne aikina tun ina firamare.

Kaka ba ta yin tatsuniya haka kawai. Duk wanda ya ɓata mata rai da rana, da yamma sai ta mayar da shi tatsuniya. A wancan hunturun, maƙwabciyarmu Madam Lan ce ta shiga hannu, wata tsohuwa 'yar Vietnam da ƙofarta take kallon tamu.

Laifinta bishiyoyi ne. Kafin sabuwar shekararsu, wadda suke kira Tet, takan cika falonta da tukwane. Akwai lemo ƙanana da ba a tsinka, wai yawansu alamar yalwa da yawan zuriya ne. Akwai reshe mai jan fure, wai yana korar sharri. Babbar kuwa ita ce wata 'yar bishiya da take kira "mai" da yarensu, wadda ta raina tun tana ƙwaya. Idan Tet ta kusa, sai ta zauna ta tsinke ganyenta kaf, don bishiyar ta fasa fure ruwan ɗorawa daidai ranar bikin. In ya fasa, shekara ta yi albarka. In bai fasa ba, an shiga shekara da ƙafar hagu.

"Ganye a shara!" in ji Kaka. "Mu in mun tsinki zogale, tukunya za shi. Wannan ba miya, ba kwaɗo, ba magani. Kuma wai arziki a tukunyar fure yake."

Sai ta gyara mayafi ta ce, "To, ku miƙo kunnuwa." Wai an yi wata mata mai bishiya ɗaya tak a ƙofar ɗaki. Bishiyar ta ba ta inuwa, ta ce ita ado take so. Ta tuɓe wa bishiyar riga tsaf, ta ce, "Ki yi min fure ranar biki." Rana ta fito ta gasa matar har ƙeya. Akuya ta zo neman ganye, ta dubi bishiyar, ta dubi matar, ta yi tsaki ta wuce. Tsakin akuyar nan Kaka ta fi iyawa. Sani har birgima yake yi.

Ana haka Madam Lan ta zame a kan ƙanƙara, aka naɗe mata hannun dama har gwiwa. Lokacin tsinkar ganye ya zo yana neman wucewa. Ina dawowa daga makaranta nakan hango ta ta ƙofa, tana jan ganye ɗaya da hannun hagu, yana tahowa da tohon furen, tana sakin ajiyar zuciya.

Ran nan ɗanta ya zo cikin kwat mai sheƙi, riƙe da leda. Furannin roba ne a ciki, ruwan ɗorawa, da 'yar waya ta ɗaurewa. Ya same ni a baranda, ya ce min da Turanci, yana dariya, idon uwarsa ya yi rauni, in ya ɗaura su kafin ta tashi daga barci ba za ta bambance ba.

Na faɗa wa Kaka a hankali. Ta ajiye carbi.

"Sake faɗa."

Na sake.

"Roba? Uwar da ta haife shi zai ɗaura wa roba? Tashi, uwata. Ɗauko min takalmi."

Ta shiga falon Madam Lan ba tare da jiran izini ba, ta dube ni. "Ce mata ta matsa." Madam Lan ta shiga nuna mata tohon da ke gindin kowane ganye, tana cewa a kula. Kaka ta harare ta. "Ni za a koya wa tsinkar ganye? Tun kafin a yanke wa wancan mai kwat ɗin cibiya nake yi." Ban fassara wannan ba. Yatsunta suka kama aiki, babban yatsa ya tare toho, ɗan ali ya karya ganye baya, ƙas, ƙas. Bakinta bai huta ba. "Aikin banza. Dubi bishiya tsirara kamar kazar da aka fige." Toho ko ɗaya bai faɗi ba. Da ta gama, ta ɗauki ledar robar da yatsa biyu ta miƙa wa ɗan, ba ta ko dube shi ba.

Da yamma tatsuniyar ta canja. Matar tana nan da wautarta, amma yanzu ta samu ɗa, wani ƙato da ya shafa wa duwatsu jar ƙasa ya kai wa uwarsa makauniya wai goro ne. Dukan garin suka bi shi da ihu har bakin rafi.

Safiyar Tet Madam Lan ta ƙwanƙwasa mana ƙofa, tana kuka tana dariya. Rassan sun cika da fure. Kaka ta leƙa, ta taɓe baki ta ce, "Na gefen hagu bai fito da kyau ba."

Yanzu ina sakandare, Kaka ta koma Kano. Har ta tafi ba ta yarda fure yana kawo arziki ba, kuma ba ta ɓoye wa kowa ba. Amma na lura raininta hawa-hawa ne. Wanda ya yi imani da abin da ita take ganin wauta ne, za ta yi masa dariya, ta kuma zauna ta taya shi. Wanda kuwa ya dubi tsohuwa ya ce ai ba za ta gane ba, shi ko sunansa ba ta taɓa tambaya ba.