Mutum na Goma

A kamfanin tace ruwan teku da nake yi wa aikin fassara a nan Jidda, na daɗe ina aiki da wani injiniya ba tare da na san addininsa ba. A Maroko aka haife shi, a Faransa ya girma, Larabcinsa kuma irin na can ne mai wuyar kamawa, har nakan tsokane shi cewa ni ɗan Hausawan Sudan da aka haifa a unguwar Ammariyya na fi shi zama Balarabe. Lokacin da mahaifiyarsa ta rasu, iƙamarsa, wato takardar zamansa a ƙasar, tana wurin sabuntawa, don haka bai sami izinin fita ƙasar ba. Da na je gidansa a unguwar Safa yi masa ta'aziyya, na same shi zaune a ƙasa ba takalmi, ya rufe madubi da zane. A nan ya gaya mini cewa shi Bayahude ne.

Rashin ganin gawar ya dame shi, amma akwai abin da ya fi damunsa. Suna da wata addu'a da ɗa yake tsayawa ya karanta wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa da suka rasu. Ya ce ba a ambaci mutuwa a cikinta ba, yabon Allah ne daga farko har ƙarshe, amma ba a karanta ta sai a gaban jama'a mai amsa amin, jama'a kuwa a wurinsu sai maza baligai goma 'yan addininsu. Tun da ta rasu bai karanta mata ko sau ɗaya ba.

Daga ranar ya riƙa ba ni labarin majami'ar Yahudawan unguwarsu ta can gida. Akwai tsofaffi biyu da suka yi shekaru suna gaba a kan kujerar kusa da taga, amma ranar babban azuminsu sai sun rungumi juna sun nemi gafara, washegari su koma gabarsu. Uba yakan tara 'ya'yansa a ƙarƙashin mayafin addu'arsa idan ana sa albarka. Mahaifiyarsa kuwa tana can saman bene tare da mata, riƙe da lemon da ta soke da kanumfari, tana miƙa wa duk wadda azumi ya galabaitar ta shinshina.

Da babban azumin ya matso, wanda suke kira Ranar Kaffara, ya bi baƙin ma'aikata na wasu kamfanoni a hankali, ta bakin wannan zuwa wancan, har ya haɗa goma da shi kansa. Daga faɗuwar rana zuwa faɗuwar ta gobe ba ci ba sha, ba shiga mota, ba taɓa waya ko makunnin wuta. Saboda haka suka shirya kowa ya iso gidansa kafin magariba, su kwana a kan katifu a falo. Ni kuma ya roƙe ni in leƙo da safe, ko na'urar sanyaya ɗaki za ta tsaya.

Matata ta ce, "Abban yara, kai da azumin Ashura ma sai na tuna maka, yau kai ne mai gadin azumin wasu?" Duk da haka ta dama kunu, ta ce in kai musu na buɗa baki.

Na same su cikin fararen kaya, labule a sauke, suna karatu ƙasa-ƙasa. Abokina ya fito wurina a bakin ƙofa, ya ce su tara ne. Na gomansu, wani dattijo mai gyaran na'urorin asibiti, aiki ya riƙe shi a wajen gari, ga dukkan alamu yana isa gidansa rana ta faɗi, bai samu ƙarasowa nan ba. A unguwar Aziziyya yake zaune.

Na ce, "Halas, shi ke nan, Aziziyya ai ga ta nan. Yanzu zan kawo shi."

Ya ce, "Ya ustaz, ba zai shiga motarka ba."

Na ji maganar, amma na fassara ta da al'adarmu. A gidanmu baƙo yakan ce ya ƙoshi sau biyu, a na uku ya wanke hannu. Na ɗauka kunya ce irin wannan, wadda naci yake kawar da ita.

Na tarar da dattijon ya riga ya fito, da farar riga da takalmin yadi, yana bin inuwar gine-gine. Na gabatar da kaina, na buɗe masa ƙofa, na ce, "Ya ammi, ni zan tuƙa, kai zama kawai za ka yi. Laifin a wuyana."

Ya yi dariya, ya ce, "Kai idan na ɗura maka ruwa a Ramadan na ce laifin a wuyana, za ka haɗiye?"

Na nace har sau uku, ya yi godiya har sau uku, ya ci gaba da tafiya. Sai na bi shi da motar a hankali a gefen titi. Hantsi ya ɗaga, iskar teku mai danshi ta manne wa mutum kamar jiƙaƙƙen bargo. Wani mai tasi ya rage gudu ya daka mini tsawa: "Ya sheikh, ka ji tsoron Allah! Ɗauki tsohon nan mana, ko man fetur kake tattali?"

Dattijon bai kai rabin hanya ba ya zauna a dakalin wani rufaffen shago. Maganarsa ta fara harɗewa. A lokacin ya gaya mini yana da ciwon suga. Na kawo ruwa da dabino daga mota. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ce a shari'arsu ma rai yana gaba da azumi. Ya sha, hawaye yana bin kuncinsa, ya shiga motar da kansa. Asibiti muka nufa, likita kuma ya ce sai ya kwana. Har yau nakan tambayi kaina ko motar da ke bin bayansa ce ta sa ya ɗaga ƙafa fiye da ƙarfinsa.

Bayan la'asar na koma Safa na ba abokina labari. Ya fara tambayar lafiyar dattijon, sannan ya gode wa Allah. Na tuna jana'izar mahaifina: an kai gawarsa masallaci bayan azahar, sahu ya cika da mutanen da ba su taɓa jin sunansa ba, ban kuwa taɓa tunanin in ƙirga su ba. Sai na ji kaina ina cewa, "Ga ni nan tsaye. Allah ɗaya na sani, amin kuma na iya faɗa. Ka ƙirga ni."

Ya riƙe hannuna da hannayensa biyu. Ya ce, "Da mahaifiyata tana nan, da ta ciyar da kai har ka kasa tashi. Amma ba zan yi mata addu'a da ƙidayar ƙarya ba. Kai ma ba za ka so a yi wa mahaifinka haka ba."

Na zauna a kicin, ina jinsu ta ƙofa. Da suka zo wurin da ya kamata abokina ya tsaya ya karanta wa mahaifiyarsa, sai mai jan addu'ar ya tsallake ya ci gaba. Abokina ya koma lungu shi kaɗai yana karanta Zabura. Da duhu ya shiga, ɗayansu ya busa ƙahon rago a hankali, tagogi a rufe, alamar azumi ya ƙare.

Na zuba kunu a kofuna tara na kai musu. Sauran suka sha suna yaba hannun matata. Shi kuwa ya karɓi nasa, ya riƙe har ya huce.