Zobe a Ƙafar Shamuwa

A tsakar gidanmu, a wani ƙauye tsakanin Bebeji da Tiga, akwai wata tsamiya da ta girmi duk wanda ke gidan. Ba tamu ba ce duk shekara. Da zarar bazara ta yi nisa, gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, sai shamuwoyi su sauka a kanta, daga ranar kuma ta koma hannun baƙi sai bayan an yanke gero. Ba a hawanta, ba a jifa, ba a karya mata reshe. Mai wannan doka ita ce Iya, mahaifiyar babana. Irin shukar gidan ma a ɗakinta yake, cikin tukwane da aka liƙe bakinsu da laka, kuma ko an yi ruwa kamar da bakin ƙwarya ba ta fasa tukunya sai ta ga shamuwa ta fara ɗaukar kirare zuwa sheƙa. Takan ce ruwan farko yana ƙarya, amma tsuntsuwar nan ba ta taɓa yi mata ba.

Zama da baƙin akwai wahala. Kashinsu yana ɓata shanya, matan gidan suna shara suna gunaguni ƙasa-ƙasa, amma ba wadda ta isa ta ɗaga murya. Iya ta yi imani cewa muddin shamuwa tana sauka a gidan, to gidan lafiya yake.

Sunan kakana aka saka mini, saboda haka ba ta taɓa kiran sunana ba. Maigida take ce mini, ta kuma yi ta tsokanata cewa ba ta taɓa ganin miji marar amfani irina ba, ba cefane, sai cin tuwo.

Da damina, bayan sallar magariba, takan hura wuta a kasko a ƙofar ɗakinta saboda sauro da sanyin ƙafa. Mu jikokinta sai mu kewaye ta, kowa da ɗanyar masararsa yana jiran wuri a kan garwashi. A sama muna jin motsin tsuntsayen suna gyara kwanciya. Iya ba ta buɗe tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke yi. Sai ta buga sandarta a ƙasa ta ce, “Ga wata ta sauka.” Mu kuma mu ce, “A ba ta tabarma.”

Akwai wadda ta fi maimaitawa, ita ce kuma nake so in ba da.

Wani manomi ne mai wayo ya lura cewa in shamuwa ta zo ruwa yakan zo, in ta tafi ruwa ya ɗauke. Sai ya ce a ransa, ashe in ba ta tafi ba damina ba za ta ƙare ba. Ya tufka igiyar rama mai laushi, ya hau bishiya, ya ɗaure ƙafar babbar cikin shamuwoyin. Ba don mugunta ba. Kullum yana kawo mata fara a ƙoƙo, yana yi mata sannu da zama. Da lokacin tafiya ya yi, 'yan uwanta suka tashi, suka yi kwana uku suna kewaya gari suna jiranta, sannan suka haƙura suka nausa kudu. Ruwa ya ɗauke kamar yadda ya saba. Ciyawa ta bushe, fara ta ƙare, tsuntsuwa ta rame. Ranar nan ta ce masa, “Bawan Allah, ba ni nake kawo ruwa ba, binsa nake yi. Kuma can inda ya tafi akwai wasu mutane suna duban sama suna jirana, kamar yadda kuke yi.” Ya ji kunya ya kwance ta, ta tashi ita kaɗai. Da shekara ta zagayo, shamuwoyi suka bi ta saman garin nan, ba wadda ta sauka. Mutane suka rasa mai faɗa musu gaskiyar ruwa, suka yi shuka a ruwan ƙarya, iri ya ƙone a ƙasa.

A nan Iya take tsayawa, ta juya masara da yatsunta da ba sa jin wuta.

Wata rana na ce, “Iya, ai bai kashe ta ba.”

Ta ce, “Wa ya ce ya kashe ta, Maigida? Sonta yake yi. Ya dai ɗauka tasa ce don ta sauka a gidansa.”

Ban gane ba a lokacin. Haushin manomin kawai nake ji saboda wautarsa, ina kuma ganin ni da na fi shi dabara.

Tsamiyar nan ce ta kai ni inda nake yau. Tambayar inda shamuwa take zuwa ta bi ni har jami'a, na ƙare cikin masu binciken tsuntsayen da ke ƙaura. A nan na koyi cewa tsuntsuwar tana ƙetare ƙasashe zuwa kudancin Afirka tana bin damina da fara, daidai yadda ta faɗa wa manomin. Na kuma koyi cewa ba za ka iya kare tsuntsu ba in ba ka san hanyarsa ba. Don haka akan saka wa 'yan tsaki zoben roba mai lamba a ƙafa kafin su fara tashi. Duk wanda ya hangi lambar da madubin hangen nesa, ko a wace ƙasa yake, sai ya aiko da labari. Da haka ake sanin inda suke yada zango, da inda suke mutuwa.

Na dawo gida wata damina da zobba a jaka da ɗoki a zuciya. Sheƙun tsamiyarmu sun ragu sosai a kan yadda na san su ina yaro, amma akwai ɗaya mai 'yan tsaki uku da suka yi gashi. Na durƙusa na gaida Iya, wadda a lokacin idonta ya fara rauni, na yi mata bayani dalla-dalla.

Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Igiya ke nan.”

“Zobe ne, Iya. Ba ya riƙe ta. Bai fi ƙwayar gyaɗa nauyi ba.”

“Ita ta ce ka saka mata?”

Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta ce, “Maigida, ka yi bokonka a bishiyar wasu. Wannan ba a hawanta.”

Bayan kwana biyu ta tafi Kiru suna. Acaɓan da ya ɗauke ta bai gama ɓacewa ba na jingina tsani. Babana yana zaure, ya dube ni ya ce, “Kai da ita.” Aikin bai ɗauke ni lokacin shan kunu ba. Iyayen suka tashi suka yi kewaye, na sauko suka koma kan 'ya'yansu kamar ba a yi komai ba. Na rubuta lambobin uku a littafina ina jin na yi wa tsuntsayen alheri, na kuma raba tsohuwa da ɓacin rai. Ba wanda ya faɗa mata. Da kaka 'yan tsakin suka tashi lafiya tare da sauran.

Bazarar da ta biyo baya shamuwa ba ta sauka a gidanmu ba.

Aka yi ruwan farko, aka yi na biyu, aka yi na uku. Kullum Iya tana zaune gindin tsamiya tana kasa kunne, tana tambayar yara ko sun ga wani abu a sama. Ta ƙi fasa tukwanen iri. Maƙwabta suka yi shuka har ta fito. Da babana ya ga damina za ta wuce shi, sai ya je kasuwar Tudun Wada ya sayo iri ya shuka. Tun da aka kawo Iya gidan nan amarya, ba a taɓa shuka babu hannunta ba sai wannan shekarar.

Ta aika a kira ni. Na iso da magariba, na tarar ta hura kaskonta, amma ba yaro ko ɗaya a wurin, ta kore su. Na gaishe ta, ta amsa a taƙaice.

“Maigida, ka hau?”

Da na ce a'a da ta yarda, domin ba ta taɓa kama ni da ƙarya ba. Na ce, “Na hau, Iya.”

Daga nan na shiga kare kaina. Na ce ba gidanmu kaɗai ba ne, garuruwa da yawa sun rasa nasu. Na ce an sare manyan bishiyoyi an yi gawayi, har rimin bakin kasuwa. Na ce feshin maganin ƙwari ya kashe farar da suke ci, kuma wa ya san abin da ya same su a hanya. Duk gaskiya ne, har gobe kuma ilimina yana faɗa mini ba ruwan zobe.

Ta bar ni na gaji don kaina. Sannan ta ce, “Na ji. Wataƙila gaskiyarka ce, ni ban yi karatu ba. Amma shekara nawa suna sauka a nan don sun san ba mai taɓa su? Ni na ɗaukar musu wannan alkawari, kai ka karya mini.” “Tunda ka yi musu alama, ai za ka gane su. Ka je ka nemo su.”

Ba ta sake tayar da maganar ba. Ta ci gaba da ce mini Maigida, amma tsokanar ta ƙare, kuma wannan ya fi zagi yi mini ciwo. Allah ya yi mata rasuwa bayan girbin wannan shekarar.

Na daɗe ina muhawara da ita a zuciyata, kullum ni nake cin nasara, kullum kuma ba na samun sauƙi. Sai a hankali na gane ba a kan zobe muka saɓa ba. Mu masu bincike muna zuwa da madubi da littafi mu ce za mu kare shamuwa, alhali abin da ya kare ta tun kafin a haife mu shi ne tsofaffi irin Iya, masu hana hawa bishiya, masu jure kashi a kan shanya. Dokarta ita ce kariyar, ni kuma na taka ta don ina son tsuntsun kuma ina ganin na fi kowa saninsa. Yaran gidan sun ga na hau. Bayan rasuwarta suka fara hawa, ba kuma wanda ke da bakin hana su, balle ni.

Ban daina saka zobe ba, domin aikin yana da amfani. Amma yanzu ba na sauke tsani daga mota sai na zauna da dattawan gari da tsofaffin gidan da bishiyar take. In tsohuwa ta ce a'a, sai in naɗe kayana in yi godiya, in tsaya a ƙasa in ƙirga sheƙu daga nesa. Abokan aikina suna cewa ina ɓata musu lokaci, ba na musu da su.

Duk damina kuma akwai aikin da ba wanda ya saka ni sai ita. Ina bin garuruwa daga Bebeji zuwa Kiru, in gangara Tudun Wada har Doguwa, duk inda na ji an ce shamuwa ta sauka. In tsaya gindin bishiya in ɗaga madubi ina duba ƙafafunsu ɗaya bayan ɗaya. Lambobin nan uku na haddace su. Bana ma na duba har ruwa ya ɗauke, ban ga ko ɗaya ba.