Gwangwanayen Majigi a Hawa na Sha Tara

Lokacin korona ina gadi a wani dogon bene a unguwar West Bay, can ƙasar Larabawa. A hawa na sha tara akwai wani tsoho Balarabe da ke zaune shi kaɗai, ni nake kai masa cefane bakin ƙofa. Da aka sassauta kulle, wata rana da la'asar ya ce mu shigo, ni da abokin aikina ɗan Zangon Kumasi da wani mai shara ɗan Nepal. Ya saki labule, ya haska majigi a bango.

Finafinan barkwanci ne na zamanin da, baƙi da fari, babu magana ko ɗaya. Wani siririn mutum ya saɓo tsani, duk juyin da ya yi sai ya kwaɗe ɗan sanda. Na yi dariya har hawaye suka jiƙa mini takunkumi. Rabona da dariya tun rasuwar mahaifiyata a Gusau cikin kullen, babu jirgin da zai kai ni.

Tsohon ya ce tun yana saurayi yake tara su daga gwanjo zuwa gwanjo, kuma akwai uku da bai taɓa jin wani yana da irinsu ba. Kowane fim a naɗe yake cikin gwangwaninsa, ba ya taɓa su sai da safar hannu.

Ya rasu ana dab da fara kofin duniya. 'Yarsa da ke wata ƙasa ta roƙi a ba ta mako uku ta zo ta kwashe kayansa. Manajan benen ya ƙi, don ya riga ya ba 'yan kallon ƙwallo hayar gidan. Ya ce a kwashe komai a zubar.

Na ce, "Yallaɓai, bari in ajiye mata gwangwanayen a ɗakinmu."

"Ka ɗauki ko ɗaya, in rubuta ka ɓarawo. Yalla, khalas, zance ya ƙare."

'Ya'yana huɗu a gida, sai na ja bakina. Abin da ya fi ci mini rai har yau, ni ya sa na loda su a motar shara da hannuna. Ɗaya ya faɗi ya buɗe, fim ɗin ya warware a kan kwalta, direba ya bi ta kai ko waiwaye babu.

Da 'yar ta iso, manajan ya dube ta ya ce tarkace kawai aka tarar. Ina tsaye a wurin. Na gaya mata gaskiya a gabansa, har da adadin gwangwanayen. Ta zauna a kujerata ta gadi ta yi ta kuka.

Kashegari aka mayar da ni gadin wani sito a Sanaiya, unguwar masana'antu a bayan gari. Can na ƙarasa kwantiragina.